Tsohon Rolex na gado: yadda za a gane na asali ne, da shekarar da aka ƙera shi

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ya rubuto cewa mahaifinsu ya rasu, cikin kayan da ya bari akwai agogon hannu na farin ƙarfe mai rubutun Rolex Oyster Perpetual Datejust, can ƙasan fuskar kuma an rubuta T SWISS T da ƙananan baƙaƙe. A gida ana cewa a Hajjin 1974 marigayin ya sayo shi. Ya kai ma wani mai gyara a babbar kasuwa, mai gyaran ya ce jabu ne, tunda gilashin roba ne, sarƙar kuma ba nauyi, tana ta kwaram-kwaram. Amma wani da ke tsaye a wurin ya taya nan take. Yana son sanin gaskiya kafin a raba gado.

Malam, Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa can ta fi mashi nan. Da farko ka ajiye agogon, kar ka sayar, kar kuma ka sake miƙa ma kowa shi a bakin hanya. Dalilai biyun da mai gyaran ya kawo ba su nuna jabu ba ko kaɗan. Datejust na farin ƙarfe da gilashin roba yake fitowa har zuwa wajen 1988, lokacin da aka koma gilashi mai tauri wanda ba ya karcewa. Da a ce agogon da ake danganta ma 1974 ya zo da gilashi mai tauri, to da nan ne za a tsaya a yi tambaya. Sarƙoƙin wancan zamani kuwa da siraran fallayen ƙarfe aka naɗe su, cikinsu ba a cike yake ba, shi ya sa ba su da nauyi, in suka shekara arba'in a hannu sai su saki su riƙa lilo. Wanda ya taya kuma, ruwa ba ya tsami banza. Sai dai wannan duk bai tabbatar da na asali ne ba, don masu yin jabu ma gilashin roba suka riƙa sawa a lokacin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba alama ɗaya tak da ke yanke hukunci a kan tsohon agogo. Gidan agogon, murfin baya, injin, fuskar da sarƙar, kowanne yana ɗauke da lokacinshi a jikinshi. Kamar shaidu ne biyar a gaban alƙali. In bakinsu ya zo ɗaya, magana ta ƙare. In ɗaya ya saɓa, sai a binciki dalili, don sau da yawa ba jabu ba ne, wani sashe ne aka canza a wurin gyara shekaru da suka wuce.

Fara da abin da za ka iya yi a ɗaki ba tare da an buɗe komai ba. Juya bayanshi. Bayan Datejust na asali sumul yake, ba rubutun kamfani, ba hoton kambi, ba gilashin da ake hango inji, sai ƙananan haƙora a kewayen murfin. In ka ga an zana Rolex ɓaro-ɓaro a baya, ko ana ganin injin ta gilashi, kusan an gama magana. Daga nan ka kama ɗan maɓallin gefe, wanda ake yin wani da shi. Ɗaure yake kamar noti, sai ka murɗo shi wajenka ya kwance ya ɗan turo waje. Yi mashi wani sau goma sha biyar zuwa ashirin a hankali. In ka ji yana cijewa ko yana gurzawa kamar da yashi, tsaya nan, kar ka tilasta. In ya tashi, dubi hannun sakan. Injin wancan zamani yana bugawa sau 19,800 a awa, wato biyar da rabi a kowane sakan, don haka hannun yana tafiya ne da 'yan ƙananan taku masu sauri. In yana tsalle ɗaya-ɗaya a kowane sakan, injin batir ne a ciki. Rolex ya yi Datejust masu batir daga 1977, amma an rubuta Oysterquartz a fuskarsu, gidansu kuma mai kusurwa ne, bai yi kama da naka ba.

Af, irin wannan agogon ne mutanenmu ke cewa da jini yake aiki. Ba jini ba ne. Wani rabin faifai ne mai nauyi a bayan injin, motsin hannu ke juya shi, shi kuma ya ɗaure sifirin. Shi ya sa in an ajiye shi kwana biyu yake tsayawa.

Yanzu jawo maɓallin waje, nan akwai shaida biyu masu ƙarfi. Ta farko, in ka jawo shi hannun sakan ya tsaya cak, to injin daga wajen 1972 zuwa sama ne. In ya ci gaba da tafiya, ya girmi haka. Ta biyu, yadda ake canza kwanan wata. A Datejust na kafin 1977, ba yadda za ka canza kwana sai ka yi ta juya hannaye su zagaya awa ashirin da huɗu, kwana ɗaya bayan ɗaya. Daga 1977 ne aka kawo injin da ke da matsayi na tsakiya, inda za ka murɗa kwanan ya riƙa canzawa shi kaɗai. Saboda haka in naka yana canza kwana da sauri, ko dai bayan 1974 aka saye shi, ko kuma injin da ke ciki ba nashi ba ne. Dubi kuma ɗan ƙullutun gilashi da ke kan kwanan wata. Na asali yana ƙara girman lambar ninki biyu da rabi, har ta cika tagar. In lambar ta fito 'yar mitsitsiya, ko jabu ne, ko an taɓa canza gilashin da na kasuwa, wanda abu ne da ya zama ruwan dare.

Babbar shaida tana ɓoye a ƙarƙashin sarƙa, tsakanin kunnuwan agogon, wato ƙahonnin gidan da sarƙar ke maƙale a tsakaninsu. A tsofaffin, kunnuwan suna da 'yan huji ta gefe. Manna salatif a jikin ƙarfen don kar ya karce, ka sa ɗan fil ɗin da ake cire layin waya da shi a hujin, ka danna, sandar sifirin da ke riƙe sarƙar za ta shige, sai ka zare. Yi wannan a kan faranti ko farin ƙyalle, don sandar tana tsalle. Za ka tarar da dauɗar shekaru ta daskare a wurin. Kankare ta da tsinken sakace, ba allura ba, ba reza ba, sannan ka haska fitilar waya ta gefe, ba ta sama ba, rubutun zai fito.

Ta wajen ƙarfe 12 akwai lambar samfuri, samanta an rubuta REGISTERED DESIGN. Ta wajen ƙarfe 6 akwai lambar siriyal, samanta STAINLESS STEEL. In samfurin lamba huɗu ne, 1600 shi ne mai zobe sumul a kewayen gilashi, 1601 mai zoben gwal mai tsaga-tsaga, 1603 mai zoben ƙarfe mai zane. Lura da wannan, 1601 ko da duk jikinshi fari ne, zoben farin gwal ne. In lamba biyar ce irin 16014 ko 16030, daga 1977 ne zuwa sama. In 16234 ne, daga 1988. Dubi yadda aka zana lambobin. Na kamfani siriri ne, mai kaifi, yana ƙyalli in haske ya doke shi ta gefe. Na jabu yakan fito da faɗi, mai gautsi kamar an zana a kan yashi, don da sinadari ake cin ƙarfen. In ka tarar wasu lambobin sun goge, kar hankalinka ya tashi, bakin sarƙa ne ke gurzar wurin shekara da shekaru. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda aka bi da fayil aka share da gangan.

Rolex bai taɓa fitar da jadawalin siriyal ba. Wanda ake amfani da shi masu tara agogo ne suka haɗa daga takardun saye, don haka a bar kuskuren shekara ɗaya zuwa biyu. A taƙaice, miliyan 1 wajen 1964 ne, miliyan 2 wajen 1969, miliyan 3 wajen 1971 zuwa 1972, miliyan 4 wajen 1975, miliyan 5 wajen 1977, miliyan 6 wajen 1979. A 1987 aka kai ƙarshen miliyan 9, sai aka fara sa harafi a gaba, aka soma da R. Daga 2010 kuma aka cakuɗa haruffa da lambobi yadda ba za a iya karanta shekara ba. Akwai tarko ɗaya ga waɗanda suka fi naka tsufa. Wajen 1954 lambobin sun cike 999,999 aka sake komawa baya, don haka siriyal mai lamba shida na iya zama na shekarun 1940 ko na ƙarshen 1950, sai an duba cikin murfi a raba gardama. Kai dai naka, in labarin gida gaskiya ne, ka sa ran lamba bakwai da ta fara da 2 ko 3. In ta fara da 5 ko 6, Alhaji ya saye shi ne a wata tafiyar bayan 1974.

Buɗe murfin baya ba aikinka ba ne, ba kuma aikin duk mai tebur da gilashi a kasuwa ba ne. Murfin ɗaure yake da zare, ana kwance shi da wani zobe mai haƙora wanda ke zama daidai kan haƙoran murfin. Na Datejust mai faɗin milimita 36, zoben milimita 29.5 ne. Kafin ka miƙa, ka ce ma mai gyaran ya nuna maka wannan zoben. In ya jawo ƙusa da guduma, ko almakashi, ko filaya, karɓi abinka. Haƙoran in suka lotse ba sa gyaruwa, kuma duk mai saye da ya san abin yana fara duba nan. A buɗe shi a cikin ɗaki, a gabanka, ba a bakin titi ba, balle lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka kan gashin sifirin, wato siririn sifirin da ke daidaita bugun injin, ko ta shiga mai, ta isa ta ɓata tafiyar agogon.

A cikin murfin za ka ga MONTRES ROLEX S.A. da lambar samfuri, sannan, in agogon na tsakanin shekarun 1950 ne zuwa farkon 1970, akwai tambarin lokaci, lambar Rumawa da lamba biyu. In ka ga III 72, rubu'i na uku ne na 1972, wato tsakanin Yuli da Satumba. Wannan ya fi jadawalin siriyal daidaito. In lambar samfurin da ke murfi ta ɗan bambanta da ta tsakanin kunnuwa, misali 1601 a waje amma 1603 a ciki, ba laifi ba ne, kamfanin da kanshi yakan haɗa su tunda murfin iri ɗaya ne. Za ka iya ganin wasu ƙananan karce na hannu, kwanan wata da haruffa. Masu gyara ne ke sa su duk lokacin da suka wanke inji. Karanta su, don kwanan da ya fi tsufa a cikinsu yana nuna maka agogon ba zai gaza wannan shekarun ba.

Injin shi ne shaidar da ta fi wuyar saye. Na wannan zamani lambarshi 1570, an zana ta a jikinshi, da ƙananan duwatsu 26 masu rage gurzar ƙarfe a cikin injin, da rubutun cewa an daidaita shi a matsayi biyar da kuma zafi da sanyi. Akwai wasu ƙafafun haƙora guda biyu ja-ja kamar jan goro da ake hangowa ƙarƙashin faifan. Ƙafar da ke lilo kuma, wadda ke daidaita gudun agogon, ba ta da ɗan hannun nan mai alamar ƙari da ragi da ake turawa a agogon kasuwa, da wasu ƙananan sukurori a jikin ƙafar ake saita ta. In aka buɗe ka ga zoben farar roba kewaye da ɗan ƙaramin inji, ko faifan ne kawai ke da sunan Rolex sauran jikin ba komai, to ba shi ba ne. Ana samun gida na asali da baƙon inji a ciki, sau da yawa saboda ruwa ya shiga na asalin ya yi tsatsa wani ya musanya. Irin wannan darajarshi ta faɗi ƙwarai, amma gidan da zoben da sarƙar har yanzu kuɗi ne.

Rubutun T SWISS T da ka gani yana nufin sinadarin da ke haske da dare tiritiyam ne, wanda aka yi amfani da shi daga wajen 1963 zuwa 1998. Ƙarfinshi yana raguwa da rabi duk bayan shekara goma sha biyu da 'yan watanni. Don haka agogon farkon shekarun 1970 bai kamata ya riƙa haske cikin duhu ba yanzu, ɗigon ya kamata su koma launin madara ko ruwan ƙasa-ƙasa. In ka haska fitila ka kashe ka ga suna ta walƙiya kore shar na tsawon mintuna, an sake shafa masu sabon sinadari, ko fuskar ba ta lokacin ba ce. Fuskar 1601 kuma gefenta a lanƙwashe yake ƙasa kamar an kife faranti. Sa madubin ido na masu gyara mai ƙara girma ninki goma ka bi baƙaƙen. Bugun kamfani siriri ne, kowane harafi da 'yan ƙafafunshi, tazara daidai. Fuskar da aka sake fentawa baƙaƙenta sun fi kauri, layukan minti ba sa zama daidai kan sandunan awa, wani lokacin ma an manta rubutun ƙasan gaba ɗaya. Ga mai tsohon agogon da ya girmi 1963, wanda SWISS kawai aka rubuta, akwai yiwuwar radiyam ne a fuskar. Shi ba ya mutuwa a rayuwar ɗan'adam ko da ya daina haske, kuma garinshi guba ne in an shaƙa, kar a buɗe shi a gida, kar a hura da baki.

Sarƙar ma tana magana. Buɗe maƙullinta ka duba ciki. Kafin 1976 ana buga rubu'i da shekara, kamar 1 da 73. Daga 1976 aka koma harafi, A shi ne 1976, B 1977, C 1978, haka har gaba. Sarƙa mai 'yan ƙwayoyi biyar a jere wadda aka naɗe lambarta 6251, wadda ta gaje ta mai cikakken ƙarfe 62510. Sarƙa ita ce aka fi canzawa, don haka in ta girmi agogon ko ta gaza shi da shekaru, ba ta rushe sauran shaidu.

Ka ga in siriyal ya fito miliyan 3 da 'yan kai, murfi ya ce III 72, hannun sakan yana tsayawa, kwana ba ya canzawa da sauri, maƙulli ya ce 73, to duk sun yi daidai da saye a 1974, don agogo yakan shekara ɗaya zuwa uku a kanti kafin ya samu mai shi. A 1974 sau biyu aka yi Arfa, a Janairu da kuma Disamba, tsohon fasfon Alhaji zai nuna wacce ce tashi. Binciki adakar marigayin ko akwai takardar garanti mai hujin lambobi, in siriyal ɗinta ya yi daidai da na agogon, ta ƙara mashi daraja sosai. Waɗanda kuma nasu kyautar wurin aiki ce da rubutu a baya, rubutun kanshi kalanda ne. North Central State tsakanin 1967 ne da 1976, Katsina State ba zai gabaci Satumbar 1987 ba, rasit da aka rubuta da fam da sule kuma kafin 1973 ne.

Da yake a gidajenmu Omega da Rado da Seiko sun fi Rolex yawa, bari in taɓa su kaɗan. Tsohon Omega siriyal ɗinshi a jikin injin yake, injin kuma launin jan ƙarfe ne, lambar samfuri tana cikin murfi. Miliyan 20 wajen 1963 ne, miliyan 25 wajen 1967, miliyan 32 wajen 1970. Seiko ya fi kowa sauƙi, a bayan murfi lamba ta farko ita ce ƙarshen shekara, ta biyu wata, O da N da D na watanni ukun ƙarshe, sai dai lambar injin ce za ta gaya maka 4 ɗin 1974 ce ko 1984. Rado DiaStar kuwa ba zai girmi 1962 ba. In agogon rawaya ne, a duba cikin murfi. 0.750 da ɗan hoton kan mace gwal ne mai karat 18 na kafin 1995, 0.585 da hoton kurege karat 14, PLAQUÉ OR kuma ruwan gwal ne kawai. Kar a kai ma 'yan gwal su goga a dutse su ɗiga asid, balle su saya da awo su narkar. Agogon gwal na asali a haɗe yakan fi nauyin gwal ɗinshi kuɗi.

In ya tabbata na asali ne, babban abin tsoro shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kar a goge gidan da injin gogewa, yana cinye kaifin kunnuwa, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa. Kar a fenta fuskar, kar a canza hannaye, kar a manna duwatsu masu ƙyalli, kar a liƙa gilashi da gam. Karcen gilashin roba da man goge roba da auduga yake fita. Fuskar da ta dafe da kanta ta fi sabuwar fenti daraja a wurin masu saye. Kar a tsoma injin a haɗe cikin fetur a ɗiga man keken ɗinki, wannan man yana malala ya kama gashin sifirin, agogon ya riƙa gudu da mintuna a yini. Wankin gaskiya shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa kowane wuri irin manshi, a canza robobin murfi da na maɓalli, duk abin da aka cire kuma a miƙo maka a leda. Kafin a yi wannan kar kowa ya ɗaura shi kullum, man ciki ya bushe, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kar kuma a yi alwala da shi, robobin da ke tare ruwa sun daɗe da bushewa, in ka ga raɓa ta cikin gilashi to a ranar za a buɗe a busar, ba gobe ba.

Game da gado, ku ɗauki hoto mai kyau na fuska, baya, lambobin tsakanin kunnuwa biyu, cikin murfi, inji da maƙullin sarƙa, ku rubuta siriyal ɗin a takarda a ajiye wurin mutum biyu daga cikin magada. In za ku tura hotunan a yi maku kima, ku rufe lambobi uku na ƙarshen siriyal, don masu jabu suna kwafar lambobin gaskiya. Ku nemi kima daga mutum biyu ko uku waɗanda ba su ne masu saye ba, a gwada da farashin da irin wannan samfurin, a irin wannan yanayin, ya faɗi a kasuwannin waje, sannan a kai adadin gaban malamin da zai raba. Kafin nan, a ɗaure maɓallin a hankali har ya zauna, a naɗe agogon a busasshen ƙyalle, a ajiye shi nesa da turare, da lasifika, da duk wani abu mai maganaɗisu.